Wa Ke Ja, Wa Ke Bi? Fiyano a Waƙoƙin Coci

Sana'ata gyaran kayan sauti ce. Da rediyo da rakoda na faro, yau kuma abin da ya fi cika mini tebur shi ne amfilifaya da lasifika da fiyano, wanda yaran coci ke ce wa kibod. In aka ajiye mini fiyano, ba sai mai shi ya faɗa mini inda ya fito ba. Na sutudiyon 'yan fim, maɓallan zaɓen murya ne ke fara mutuwa, da 'yar tayar nan ta gefen hagu da ake murzawa don sauti ya lanƙwashe irin na sarewar Indiya. Na coci kuwa tsakiyarsa ce ke sudewa, za ka ga an bi fararen madannan da maka an rubuta d, r, m, f, s, sannan maɓallin ɗaga murya da sauke ta ya lotsa don yawan dannawa. In ka kwance su kuma ciki duk ɗaya ne: ƙurar hunturu a ƙarƙashin roba, ƙwan kyankyaso, da tabon adaftar da janareta ya ƙone.

Ni mutumin Gafasa ne, a ƙaramar hukumar Ajingi, ƙasar Gaya da ake cewa daga can maƙeran farko na Dala suka fito. Watakila shi ya sa hannuna ya fi son dalma a kan fartanya. Musulmi ne ni, kuma kiɗan da na buɗe kunne da shi gangar noma ce ranar gayya, da kalangu a gidan biki, da mandiri lokacin Mauludi. Waƙar coci sai da aka kai ni koyon aiki a Sabon Garin Kano na fara jin ta. Har yau in na je gida kawuna yakan ce, “Ɗan nan, har yanzu kai ne mai gyara wa Kiristoci kayan kiɗa?” Nakan ce, “Kawu, in na gyara na coci da safe, da yamma na masu bege nake gyarawa, kuma kamfani ɗaya ne ya ƙera su.”

Uwar duk waɗannan na'urori ita ce sintesaiza. Ba ta da tsirkiya, ba ta da fata, ba a hura ta. Wutar lantarki ake sa wa ta yi ta kaɗawa, lasifika ta mayar da kaɗawar sauti. In ta kaɗa sau 440 a daƙiƙa, ka samu muryar da makaɗan Turai ke daidaita kayansu da ita; in ta ninka zuwa 880, muryar ce dai amma ta sama. Sauran aikin tacewa ne: a rage kaifi, a sa sautin ya faɗo nan take ko ya taso a hankali. Robert Moog na Amurka ya fara sayar da tasa a tsakiyar shekarun 1960, ƙatuwa mai wayoyi birjik, sai jami'a ko babban sutudiyo ke iya saye. Abin da ya fito da ita fili kuwa kiɗan wani tsohon ma'aikacin coci ne: a 1968 Wendy Carlos ta kaɗa ayyukan Bach a kanta, Bajamushen nan da ya rasu a 1750 yana shugaban mawaƙan coci a Leipzig, faifan ya yi kasuwa ba kaɗan ba.

Mutanen Japan ne suka karya mata farashi. A 1980 Casio, kamfanin kalkuleta da agogo, ya fara fitar da ƙananan fiyanonsa na Casiotone. A 1983 Yamaha ya fito da DX7 a kan dala 1,995, kuma a shekarar ce kamfanoni suka amince da MIDI, hanyar da na'ura ke bai wa na'ura umarni. Daga nan mutum ɗaya a ɗakinsa zai iya yin aikin makaɗa biyar. A Ingila samari irin su Gary Numan da Human League da Depeche Mode suka gina salo a kan sintesaiza, cikin yayin da aka kira New Wave: sauti busasshe, ganga mai bugu ɗaya ba ƙari ba ragi, kiɗan da ba ya ɓoye cewa na inji ne.

Kiristocin Amurka suna da tasu kasuwar waƙa daban, da kamfanoninta da gidajen rediyonta da shagunan littattafan addini inda ake sayen faifai. Tushenta wata farkawa ce tsakanin samarin Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da cocin Calvary Chapel ta Fasto Chuck Smith ta karɓi masu dogon gashi da jita, har ta kafa kamfanin waƙa na Maranatha a 1971. Waƙoƙin farko masu taushi ne, na tuba da godiya. Cikin ƙungiyoyin da suka fito daga nan akwai Daniel Amos, ƙarƙashin Terry Scott Taylor, waɗanda da kiɗan ƙauyen Amurka suka fara. A 1981 suka sauya hanya da faifan ¡Alarma!, a 1984 kuma suka fitar da Vox Humana, wanda sintesaiza da gangar inji suka mamaye. Tambayar faifan ita ce me ya rage wa ɗan Adam a zamanin da inji ke karɓe komai, kuma da muryar injin suka yi tambayar.

Steve Taylor, ɗan wani faston Baptis da ya tashi a Kolorado, ya fi su baki. Ƙaramin faifansa na 1983, I Want to Be a Clone, ba'a ce ga cocin da ke son kowane sabon tuba ya zama kwafin na gabansa: sutura ɗaya, magana ɗaya, murmushi ɗaya. A faifan Meltdown na 1984 ya caccaki Jami'ar Bob Jones, makarantar Kirista da ta hana soyayya tsakanin baƙi da farare, dokar da ba a soke ba sai a 2000. A 1985 ƙungiyar Crumbächer ta fitar da Incandescent, kiɗan rawa zalla na sintesaiza, kuma a shekarar Amy Grant ta fitar da Unguarded, daga nan sautin ya tashi daga na 'yan taurin kai ya zama na kowa. Manyan masu wa'azi ba su yi shiru ba. Jimmy Swaggart, wanda shi kansa gwanin fiyano ne mai sayar da faifai, ya fitar da littafi guda a 1987 yana cewa irin wannan kiɗa kura ce da fatar akuya.

Abin da ya burge ni game da mawaƙan nan shi ne, ba rashin makaɗa ya kai su ga na'urar ba. Suna da masu jita, suna da masu ganga. Bushewar sautin suka zaɓa da gangan, don ta dace da abin da za su faɗa: coci ta koma masana'anta, mai wa'azin talabijin ya koma ɗan kasuwa. Mu a nan talauci ne ya haɗa mu da ita. Ba wai Afirka ta Yamma ta makara ba ne. William Onyeabor na Inugu ya fitar da faifai cike da sintesaiza tsakanin 1977 da 1985, da ya rungumi addinin Kirista gadan-gadan sai ya jingine kiɗan. A Yamai kuma Mamman Sani ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasa a 1978 da organ ɗin lantarki ƙirar Italiya. Amma waɗannan ɗaiɗaiku ne. Hanyar da na'urar ta bi ta shiga kunnen talakan Arewa ta coci ce da ta fim.

Me ta tarar a cocin Hausa? Ayarin Bishof Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS ya iso Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su. Cikinsu akwai Likita Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya daga 1905, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa ya fito a 1932. Ƙungiyar mishan ta SIM, uwar cocin ECWA da aka kafa a 1954, ta shigo lardin Kano ta hanyar magani: ta karɓi asibitin masu cutar kuturta na Yadakunya a 1937, ta buɗe asibitin ido na Kano a 1943, ta kuma kafa tashoshi a wurare irin su Roni da Kabo da Tofa da Gani ta ƙasar Sumaila, inda Maguzawa ke da yawa.

Waƙoƙin da mishan suka kawo na Ingila da Amurka ne aka sa musu kalmomin Hausa, aka tara a Littafin Waƙoƙi. Duk mai kunne ya san matsalarsu. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kowace gaɓa da muryarta da tsawonta. Karin Bature bai san da wannan ba, sai ya ja gajeriyar gaɓa, ya ɗaga wadda ya kamata ta sauka. Ganga kuma an yi mata kallon kayan bori. Mutum ya bar bori jiya, yau a ce ya shigo da garaya coci? Haka aka yi shekaru ana waƙa a tsaye ƙiƙam, littafi a hannu.

Waɗanda suka dawo da kunnen Hausa cikin sujada mata ne da 'yan Sabon Rai. Sabon Rai Don Kowa shiri ne na bishara da aka fara a Arewa a shekarun 1960, ƙungiyoyinsa na waƙa suka riƙa tsara nasu kari da ganguna da caki, mai ja yana ja 'yan amshi na amsawa. Zumuntar Mata kuwa babu cocin Hausa da ke tsayawa ba da ita ba: anko ɗaya, tulu da ake bugun bakinsa da soso, gora mai duwatsu a jiki, da ƙarfe. Waƙoƙinsu labari ne da nasiha, na Yusufu da 'yan'uwansa, na Ayuba, na haƙurin aure da tarbiyyar yara. Ko ba ka yarda da abin da suke faɗa ba, za ka ji Hausar zaune daram a kan karinta.

A kan wannan fiyano ya faɗo. Cocin Fentikos na birane ne suka fara, daga shekarun 1980. Panam Percy Paul, ɗan Adamawa mazaunin Jos, ya nuna wa Arewa yadda ake waƙar bishara da cikakkun kayan zamani, jerin faifansa na Bring Down the Glory ya yi farin jini ƙwarai, ya kuma buɗe makarantar koyon kiɗa a Jos. Bayansa aka samu irin su Jeremiah Gyang da Solomon Lange masu waƙa da Hausa. Amma ƙaramar coci a ƙauyen Sumaila ko Rano ba ta da kuɗin jita biyu da saitin ganguna da ƙaho. Bayan 1986, da gwamnatin Babangida ta karya darajar naira, sabon kaya ya fi ƙarfin na birni ma. Abin da ya rage shi ne Casio ko ƙaramin Yamaha ɗan Kwatano mai cin batir shida, wanda baiko na musamman zai iya saya, yaro ɗaya ya koye shi cikin hutun makaranta.

A nan sana'ata ta ba ni ta cewa. Kowane fiyano irin wannan yana da sashen da yaran ke kira sitayil. Kamfani ya riga ya zuba masa kiɗa, ganga da bes da jita, wannan rege, wancan disko, wancan maci. Ka danna, kiɗa ya tashi da saurin da ka sa masa, ka ɗora yatsu a hagu, bes da jita su bi ka. Ba abin rainawa ba ne: a Jamaika a 1985, kiɗan da ke cikin wani ƙaramin Casio MT-40 aka ɗora wa waƙar Sleng Teng, ya sauya kiɗan ƙasar gaba ɗaya. Sai dai sitayil injin niƙa ne. Da zarar an tayar da shi, ke za ki yi ta zuba hatsi da saurinsa, ba ya jiran ki gyara ɗaurin zani.

A kiɗanmu mawaƙi ne ke ja. Wanda ya saurari Shata ya san kalangu bakinsa yake bi. In ya ja baiti ya yi tsawo makaɗa su jira shi, in ya yanke su yanke. Mai gangar noma a Gafasa kafaɗun manoma yake kallo, in sun fara sanyi ya ƙara wuta, in dattijo ya kama kunya ya sassauta masa. Haka jagorar Zumunta: baitin da ke da magana da yawa takan ba shi fili, in ta ga ikilisiya ta motsu ta maimaita amshi iya son ranta. Sitayil bai san wannan ba. Ƙidayarsa huɗu-huɗu ce galibi, ko an gama magana ko ba a gama ba. Ga shi da yawa daga kiɗanmu uku-uku yake tafiya ko shida-shida, a kan muryoyi biyar, alhali yaron gungun muryoyi uku kawai aka koya masa, na do da na fa da na so, duk waƙar da ta zo sai ya cusa ta ciki. Ta haka abin da mata suka yi shekaru suna gyarawa ya zagayo ya dawo. Da karin Ingila ke murɗe Hausa a coci, yanzu na Japan ne, kuma da lasifika.

Wata jagorar Zumunta daga wajen Gani ta taɓa rako yaron cocinsu shagona da wani Yamaha da ya daina magana. Ina kwance shi ta ce, “Malam, in ka gyara, ba yadda za ka yi ka rage masa baki?” Na ce, “Mama, ai akwai maɓallin ragewa.” Ta ce, “Ɗana, maɓallin yana hannun wanda ba ya son a rage.” Yaron na tsaye yana murmushi. Ta ce su in lokacin waƙarsu ya yi ba sa bari a kunna shi sam, tulu da gora sun ishe su. In 'yan kwaya sun tashi sai su yi abinsu.

Maɓallin ɗaga murya shi ma da labarinsa. A cocin ƙauye ba a bai wa mai ja murya kafin ya fara, inda maƙogwaronsa ya kama nan zai tashi. Yaron fiyano kuwa a kan do ɗaya tak ya iya kaɗawa, sai ya yi ta danna maɓallin sama da ƙasa yana laluben inda mai waƙa yake. Masu ilimin kiɗa suna ce wa wannan lalaci. Ni a ganina nan ne kaɗai na'urar ke rusuna wa ɗan Adam. Gwanayen da na sani, irin waɗanda in sun zo karɓar kaya suka gwada sai masu shagunan kusa sun leƙo, dukansu kashe sitayil suke yi su bi mawaƙi da kunne.

Kada ɗan'uwana Musulmi ya ce wannan matsalar maƙwabta ce. Na'urar da ta shiga coci ita ta shiga sutudiyoyin Kano irin su Iyan-Tama da Sarauniya a shekarun 1990, Yamaha samfurin PSR, kuma tun daga fim ɗin Sangaya, dab da shekarar 2000, kiɗan fiyano ya zama shi ne kiɗan fim. Masu bege da yawa sun jingine mandiri sun koma sutudiyo, malamai suka yi ta gardama a kan halaccin abin, gardamar da in ka cire sunaye sai ka rantse ta Swaggart ce da samarinsa. A Gafasa da Toranke da Balare, gidan bikin da a da zai aika a kira mai kalangu yanzu DJ yake ɗauka da janareta, kuma abin da ke fita daga lasifikar, na soyayya ne ko na siyasa ko na bege, ƙidaya ɗaya ce. Wata rana a motar Gaya direba ya kunna filashin da masu turi suka cika masa. Mun wuce Wudil wani malami na gefena yana ta kaɗa kai, sai da aka ambaci Almasihu a amshi ya ɗago ya ce, “Direba, wannan ta ina ce?” Kiɗan bai ba shi wata alama ba, don babu ita.

Ban ce a mayar da fiyano Japan ba. Da shi nake ci, kuma na ga abin da ya yi wa yaran da ba su da gata. A Arewa, in ba a coci ba, ina ɗan talaka zai taɓa kayan kiɗan zamani kyauta, ya yi ta ɓarna ba a kore shi ba? A al'adarmu kiɗa gado ne, ɗan malami ko ɗan sarauta ba ya rataya ganga. Fiyano bai zo da wannan tabon ba, shi ya sa ɗan kowa ya iya zama a gabansa, a coci ne ko a sutudiyo. Ƙorafina ɗaya ne. Samarin Amurka na shekarun 1980 sun san dalilin da ya sa suka ɗauki sautin inji, sun sa shi ya faɗi abin da ke bakinsu. Mu kuwa abin da injiniyan Yamaha ya zuba tun daga Hamamatsu muka karɓa, muka datse maganarmu don ta shiga.

Yanzu ma aikin yana sauya kama. Da yawa daga fiyanon da ake kawo mini daga sutudiyo ba su da murya ko lasifika, madannai ne kawai da wayar da ke shiga kwamfuta, sautin yana cikin manhaja irin ta FL Studio. A can ma akwai layukan ƙidaya da ke jan komai ya zauna daidai, amma ana iya ƙin bin su. Wani matashi mai ɗaukar waƙoƙin coci a Sabon Gari, wanda nake gyara wa amfilifaya, ya nuna mini yadda yake yi da matan Zumunta. Yakan sa su rera da tulunsu da gorarsu tukuna, babu bugun inji a kunnensu. In sun tafi sai ya zauna ya bi su da fiyano baiti-baiti, inda suka ja ya ja, inda suka tsaya ya tsaya. Ya ce aikin yini ɗaya yakan koma na kwanaki, ga man janareta, don haka kuɗinsa ya fi na sauran. Ƙungiyoyin da ke zuwa wurinsa sukan fara adashi tun da kaka, su zo ɗauka kafin Kirsimeti.